Gyara Kayanka: Yadda Ake Tsara Jerin Manhajoji da Kantar Kwamfuta

GABATARWA

Ran 2 ga Afrilu 1972 direbobin Nijeriya suka bar tuƙi ta hannun hagu, suka koma hannun dama. Ran 1 ga Janairu 1973 kuma aka ajiye fam da sule, aka kama naira da kwabo. Da fari duka biyun sun tayar wa mutane hankali, amma da aka yi ta bayani a rediyo da kasuwanni da ƙananan littattafai irin wannan, sai jama'a suka gane, har abin ya zama jiki. To, yau wani canjin ne ya iske mu, watau shigowar kwamfuta cikin harkokinmu na yau da kullum. Hukumar JAMB ta fara yin jarrabawarta da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa ta bar ta takarda baki ɗaya. Hukumar WAEC ma ta gwada haka ga masu zaman kansu a 2024.

A ɗauki Kudancin Jihar Kaduna misali. A Kafanchan akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma. Kwalejin Ilimi tana Gidan Waya. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta mai da babban asibitin Kafanchan Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ta kuma kafa jami'ar kimiyya a Kachia. Ban da waɗannan, ga makarantun sakandare, ga ofisoshin ƙananan hukumomi, ga shagunan buga takardu a Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Manchok. A irin waɗannan wurare sau da yawa kwamfuta ta haɗaka ce: hannu da yawa ke taɓa ta, wasunsu ma ranar ce ta farko da suka zauna gabanta.

Tsarin da kwamfuta ke zuwa da shi daga masana'anta an yi shi ne domin duniya duka, saboda haka ba lalle ne ya dace da aikinka ba. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a nuna cewa mai kula da kwamfuta yana da ikon sake wannan tsari, ba da ko kwabo ba, kuma ba tare da ya lalata kome ba.

ABUBUWA UKU DA YA KAMATA A SANI

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, kamar Windows ta kamfanin Microsoft, ko Linux. A kanta ake ɗora ƙananan manhajoji, na rubutu da na lissafi da na shiga intanet. Idan aka kunna kwamfuta, abubuwa uku ne za su tari mutum.

Na farko shi ne tebur, watau filin nan da ya cika allo, inda ake ganin tambura a warwatse. Na biyu shi ne jeri, inda aka lissafa dukan manhajojin da ke cikin kwamfutar. A Windows yana buɗewa ne idan aka latsa maɓallin Start. Na uku wata doguwar tsaga ce da ta ratsa ƙasan allo daga hagu zuwa dama, mai ɗauke da agogo da wasu tambura. A cikin wannan littafi mun kira ta kanta.

Dalilin sunan kuwa a fili yake. Mai kanti da ya san sana'arsa yakan jera sukari da ashana da sabulu a kan kanta, inda hannu zai kai ba sai ya tashi ba. Sauran kayan da ba a nema kullum yakan ajiye su a sito, ya riƙe lissafinsu. To, kanta wurin kayan kullum ce, jeri kuwa lissafin sito ne.

Wannan dabara ta samo asali ne daga ɗakin binciken kamfanin Xerox a Kalifoniya ta Amurka, inda aka ƙera kwamfutar Alto a 1973. Kamfanin Apple ya kai ta kasuwa da Macintosh a 1984, sa'an nan Windows 95 ta zo da maɓallin Start da kanta a 1995. A 2012 Microsoft ya cire jerin daga Windows 8, jama'a suka yi ta ƙorafi, har aka dawo da shi a Windows 10 a 2015. Wannan ya isa ya nuna mana cewa mutum da inda hannunsa ya saba, ba a raba su cikin sauƙi.

MENE NE YANKE?

Tamburan da ake gani a tebur da jeri da kanta, galibinsu ba su ne manhajojin ba. Gajerun hanyoyi ne zuwa gare su, abin da Bahaushe ke kira yanke. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin darasin.

Tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa: ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta haura Jos, ɗaya ta gangara Fatakwal. A ƙaddara an kafa allo a mahaɗar, an rubuta Jos, da kibiya tana nuni. Allon ba shi ne Jos ba. In an tumɓuke shi, Jos tana nan inda take. In an kafa irinsa goma, Jos ba ta zama goma ba. In kuwa wani ya saɓi allon ya kai gidansa, bai tafi da garin ba. Haka yanke yake: ɗan ƙaramin fayil ne wanda ba ya ɗauke da kome sai kwatancen inda manhaja ko takarda take.

Daga nan abubuwa biyu suka fito. Na ɗaya, share yanke ba ya share manhaja, saboda haka kada tsoro ya hana ka kawar da tamburan da ba ka bukata. Na biyu, kwafe yanke ba ya kwafe takarda. Ɗalibi yakan ja tambari daga tebur zuwa cikin filas, ya biya kuɗin mota zuwa gari domin a buga masa aikinsa, sai a buɗe a tarar da allo kawai ya kawo, takardar tana can gida. Alamar yanke a teburin Windows ita ce 'yar kibiya lanƙwasasshiya a kusurwar hagu ta ƙasan tambari. Nauyinsa kuma ba ya wuce 'yan kilobait kaɗan. Ka duba waɗannan biyu kafin ka cire filas.

ME ZA A SAMU IN AN TSARA?

Da farko akwai lokaci, wanda a wajen mai shago kuɗi ne. A ƙaddara mai buga takardu yana ɓata rabin minti wajen laluben manhaja duk sa'ad da mutum ya zo, kuma mutum 40 ke zuwa a yini. Minti 20 ke nan. A kwana shida sun zama awa biyu, alhali kuwa janareto yana ta shan mai. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, babu mai shagon da bai san darajar awa biyu ba.

Na biyu, sabon shiga. Yaron da ya fito daga ƙauye, aka ba shi rabin awa a ɗakin kwamfutar makaranta, in ya tarar da tambura 50 a gabansa, lokacinsa zai ƙare yana kallo. In ya tarar da biyar, zai kama aiki. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: hannun da zai rubuta jarrabawa da kwamfuta, tun a aji ya kamata ya saba.

Na uku, tsaro. Idan akwai yanke sahihi zuwa shafin hukuma a kan tebur, ba sai an shiga neman shafin a intanet ba, inda 'yan damfara ke kafa shafukan bogi masu kama da na gaskiya.

YADDA AKE YI A WINDOWS

Linzamin kwamfuta, wanda wasu ke kira maus, yana da maɓallai biyu. Na hagu shi ke buɗe abu. Na dama yakan fito da ɗan zaɓi game da abin da aka nuna, kuma da shi za mu yi yawancin aikin nan. Da yake kwamfutocinmu da Turanci suke zuwa, mun kawo kalmomin yadda za a gan su a allo.

1. Ɗora manhaja a kanta. Ka buɗe manhajar, tambarinta zai bayyana a kanta. Ka latsa dama a kansa, ka zaɓi "Pin to taskbar", watau a kafe shi nan. Ko an rufe manhajar, tambarin yana nan.

2. Saukewa. Ka latsa dama a kan tambarin da ba ka so, ka zaɓi "Unpin from taskbar".

3. Jerawa. Ka riƙe tambari da maɓallin hagu, ka ja shi inda kake so. Wanda aka fi bukata ya zama na farko. In ka danne maɓalli mai alamar Windows tare da lamba 1, manhajar farko za ta buɗe. Da lamba 2, ta biyu, haka har zuwa 9.

4. Share jeri. Ka buɗe Start, ka latsa dama a kan wasanni da tallace-tallace, ka zaɓi "Unpin from Start". Amma a yi hattara: kusa da shi akwai "Uninstall". Wannan ba allon yake tumɓukewa ba, manhajar kanta yake cirewa daga kwamfuta.

5. Haɗa dangi wuri ɗaya. A Windows 11, in ka ja wani tambari ka ɗora kan wani a cikin Start, za su zama jaka ɗaya, sai ka raɗa mata suna.

6. Mai da Start hagu. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta kawo tamburan tsakiyar kanta. Wanda ya saba da hagu ya latsa dama a inda babu tambari a kanta, ya shiga "Taskbar settings", sa'an nan "Taskbar behaviors", ya zaɓi "Left".

7. Yanke zuwa shafin intanet. Ka latsa dama a filin tebur, ka zaɓi "New", sa'an nan "Shortcut", ka rubuta adireshin, misali www.jamb.gov.ng, ka ba shi suna. A lura, adireshin hukumomin gwamnatin Nijeriya yakan ƙare da gov.ng.

Abin da aka kafe a kanta, na asusun da aka shiga da shi ne kaɗai. Saboda haka a makaranta ya kamata a buɗe asusu biyu: na malami, mai cikakken iko da kalmar sirri, da na ɗalibai, wanda ba ya iya saka manhaja ko cire ta. Malamin da ke son yanke ya bayyana a jerin kowa da kowa, sai ya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta shell:common programs, ya ajiye yanken cikin jakar da ta buɗe.

YADDA AKE YI A LINUX

Ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, sai dai ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su cika ba, alhali kwamfutocin hannu da ake shigowa da su daga waje su ne ƙarfin makarantu da shaguna da dama. Ba dole ne a yar da su ba. Ana iya ɗora musu Linux, babbar manhaja ta kyauta wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991. Tana da ire-ire, kamar Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya kafa a 2004, da Linux Mint, wadda fuskarta ke kama da ta Windows, kuma tana iya tashi da ma'ajiyar aiki ta gigabait 2 kacal. Amma kafin a sauya, wajibi ne a kwashe takardu a adana a wani wuri, a kuma nemi masani.

A Linux Mint mai fuskar Cinnamon, ka buɗe jeri, ka latsa dama a kan manhaja, za ka ga "Add to panel", watau a ɗora ta a kanta, da "Add to desktop", watau a ajiye ta a tebur. Nan ma akwai "Uninstall" a kusa, sai a kiyaye. In kana son gyara jerin kansa, ka latsa dama a kan maɓallinsa, ka zaɓi "Configure", ka buɗe editan jeri. A nan za ka iya ɓoye manhaja ba tare da ka cire ta ba, ka sake mata suna, ko ka buɗe sabon rukuni, kamar Darussa. Sauran fuskokin Linux suna da nasu editocin: Mozo a MATE, KMenuEdit a KDE, MenuLibre kuwa ana yawan amfani da shi a Xfce.

Yanken Linux ɗan fayil ne na rubutu zalla, mai ƙarewa da .desktop. Layin Name yana ɗauke da suna, layin Exec da umurnin buɗe manhajar, layin Icon da tambari. Na kowa da kowa suna cikin /usr/share/applications, na mutum ɗaya kuwa cikin .local/share/applications a jakar gidansa. Ƙa'ida ita ce kada a taɓa na farkon. A kwafo fayil zuwa wuri na biyu a gyara shi can, domin kwamfuta za ta fifita kwafin. In gyaran ya ɓaci, a share kwafin, kome ya koma yadda yake.

SUNAYE DA HARSHENMU

Babu dokar da ta ce sai da Turanci za a rubuta sunan yanke. A teburin Windows, ka nuna yanken, ka danna F2, ka rubuta abin da kake so. Amma shawararmu ita ce a haɗa suna biyu, kamar "Rubutu Word" ko "Lissafi Excel", domin ɗalibin da ya koya a nan wata rana zai zauna gaban wata kwamfutar da ba a fassara ba.

Windows da Linux duka suna da tsarin madannai na Hausa. In an ƙara shi a sashen harsuna na Windows, wata 'yar alama za ta fito a kanta kusa da agogo, kuma danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara yana sauya harshe. Da haka za a samu ɓ da ɗ da ƙ, a daina rubuta kasa a inda ake nufin ƙasa.

Kudancin Kaduna kuwa ƙasa ce mai harsuna da yawa: Tyap da Jju da Hyam da Gworok da Fantswam da Adara da sauransu. Tyap, wanda ke da haruffa masu layi a ƙasa kamar a̱ da i̱, ya sami nasa kundin Wikipedia a 2022. Makarantar da ke Zangon Kataf tana iya ajiye yanke zuwa wannan kundi a tebur, ta raɗa masa suna da Tyap, yaro ya ga harshen gidansu a fuskar kwamfuta.

KOWANE AIKI DA TSARINSA

Ɗakin kwamfutar makaranta: manhajar koyon buga rubutu, ta gwajin jarrabawa, ta rubutu, da ta shiga intanet. Wasanni a ɓoye su.

Shagon buga takardu: manhajar rubutu a farko, sai ta buɗe takardun PDF, ta ɗaukar hoton takarda, da jakar ayyukan yini. Shafukan rajista su zauna a tebur.

Ofishin ajiye bayanan asibiti: manhajar bayanai da ta lissafi kawai. Kada a ajiye yanke mai sunan majiyyaci a tebur inda kowa zai gani, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Ƙungiyar manoman citta a Kachia ko Kwoi: manhajar lissafi, da yanke kai tsaye zuwa littafin buhuna da na bashi, domin sakatare ya buɗe su da latsawa ɗaya.

GARGAƊI: YANKEN ƘARYA

Kamar yadda mugu kan juya allon hanya domin ya ɓatar da matafiyi, haka akwai wata ƙwayar cutar kwamfuta da ke yawo a filas. Takan ɓoye jakunkunan mutum, ta ajiye yankuna masu irin sunayensu a madadinsu. Da an latsa ɗaya, cutar ta shiga kwamfuta, ta jira filas na gaba. Kada a raina wannan hanya: ƙwayar Stuxnet, wadda aka gano a 2010 bayan ta yi ɓarna a masana'antar nukiliyar Iran, ta yi amfani da yanke a cikin filas wajen yaɗuwa.

In ka saka filas, ka ga jakunkunanka sun fito da 'yar kibiyar nan alhali ba kai ka yi su ba, kada ka latsa ko ɗaya. Ka sa manhajar tsaro ta bincike shi tukuna. Galibi takardunka suna nan, ɓoye su aka yi, kuma masani yana iya fito da su da umurnin attrib. Kada ka yi gaggawar goge filas ɗin, kada kuma ka kai shi wata kwamfutar kafin a wanke shi. Rigakafi ya fi magani.

KAMMALAWA

A taƙaice, ga ƙa'idojin da muke roƙon kowane mai kula da kwamfuta ya riƙe. Kada tamburan kanta su wuce abin da ido zai ƙirga a kallo ɗaya. Kwamfutocin ɗaki ɗaya su kasance da tsari iri ɗaya, domin wanda ya koya a wannan ya iya aiki a waccan. A bambanta sauke tambari da cire manhaja. In an gama tsari, a ɗauki hotonsa a liƙa a bango, domin in wani ya hargitsa shi a san yadda za a mayar. A sake dubawa a farkon kowane zangon karatu.

Muna kira ga shugabannin makarantu da na ofisoshi da masu shaguna, daga Kafanchan har ko'ina cikin Tarayyar nan, su ware awa ɗaya su yi wannan aiki. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya karanta wannan littafi ya miƙa wa maƙwabcinsa, wanda ya gane kuma ya nuna wa wanda bai gane ba.